Muinat Mai Riƙe da Tebur

A Kasuwar Singa, a shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, idan babbar mota ta tsaya a ƙofar shagon Alhaji Tajudeen, jifa ake yi da ƙananan kaya. Mutum ɗaya a saman mota, ɗaya a ƙasa, sai kwalin sukari ko sandar sabulu ta taso ta sama, na ƙasa ya cafe ya miƙa ciki. Mai cafewar nan, tun tana 'yar shekara goma sha biyu, 'yar Alhaji ce ta uku, Muinat. Iyayenta mutanen Ogbomosho ne da suka zo Kano fatauci suka zauna a Fagge. Ita kuwa a nan unguwar Kwaciri aka haife ta, Hausarta ta fi Yarabancinta kaifi, musamman idan ta tashi faɗa. Ba ta da tsayi, ba ta da jiki, amma idonta da hannunta sun san juna sosai. Masu sauke kaya sukan gwada ta, su jefo gwangwanin madara biyu a tare ta gefen da ba ta zata ba. Ba a taɓa jin ƙarar gwangwani a ƙasa ba.

A makarantar da ta yi a Sabon Gari ta fara ganin ƙwallon tebur. Malama Biriskila, 'yar kudancin Zariya mai koyar da wasanni, ta sa aka ciro wata tsohuwar ƙofa aka ɗora a kan benci biyu, aka jera littattafai a tsakiya a madadin raga. Sauran 'yan mata sun buga mako biyu suka gaji, suka koma 'yar gala-gala. Muinat ta liƙe wa ƙofar nan har Malama ta daina iya cin ta. Ranar da ta gama makaranta, Malama ta ba ta nata katakon bugawa, wanda 'yan wasa ke kira bat, mai jar roba a fuska, ta ce mata, “Kada ki bari ya yi tsatsa a akwati.” Katako dai ba ya tsatsa, amma Muinat ta gane nufinta.

A bayan tashar jirgin ƙasa, inda Fagge ta kusa haɗuwa da Sabon Gari, akwai wata rumfar kwano da ake kira Kulob ɗin Zumunta. Kanikawa da akawu-akawun tasha da direbobi da teloli ne ke taruwa a nan daga la'asar zuwa magariba. Da kuɗin Udoji suka fito, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai faifai, su kuwa 'yan Zumunta suka haɗa hannu suka sayo tebur na gaske, kore shar, da farin layi da raga mai ƙarfe. Shugabansu Alhaji Goni ne, mai motocin haya, mutum mai murya kamar hon ɗin motarsa. Shi ya kafa dokar wurin tun yana saurayi, kuma doka ɗaya ce tak: wanda ya ci shi ke riƙe da tebur. Ba ya sauka sai an ci shi. Idan magariba ta same shi a kai, gobe ma shi ne a kai, duk mai son bugawa sai ya bi ta hannunsa. Alhaji Goni ya taɓa riƙe tebur kwana tara a zamaninsa, kuma babu baƙon da zai zauna a rumfar nan minti goma bai ji labarin kwana taran ba. Ya taɓa sauke wani kofur na soja da ya sha kashi ya ƙi matsawa. Wannan labarin ma ana jin sa, a minti na goma sha ɗaya.

A jikin bangon rumfar akwai baƙin allo dogo. Duk shekara ana gasa, wanda ya lashe sai a kira Nwabueze mai rubutun alluna ya zo da farin fenti ya rubuta shekara da sunan gwani. Layi uku na ƙarshe duk suna ɗaya ne: Godfrey, akawu a ofishin kaya na tasha, dogo, mai hannun hagu. Muinat takan wuce ta wurin idan an aike ta tasha karɓo kaya, ta rage tafiya, ta karanta allon daga sama har ƙasa. Ba kofi take so ba, ba kuma tafi ba. Layi ɗaya take so a allon nan, da farin fenti, kamar na kowa.

A shekarar 1976, tana da shekara goma sha tara, ta je ta ce a sa sunanta a gasa. Aka duba takardar sharuɗɗa sama da ƙasa, ba a ga inda aka hana mata ba, domin waɗanda suka rubuta takardar ko a mafarki ba su kawo mace za ta zo ba. Alhaji Goni ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“A bar ta,” in ji shi. “Ta jawo mana 'yan kallo.”

Ta kuwa jawo su. Ta cire silifas ta ajiye a gefe, ta ɗaure zani ta tamke ɗankwali, ta fitar da maza huɗu a kwana biyu. Abin da ya fi ba da haushi shi ne yadda bakin mutane ke aiki a wurin. Idan Godfrey ya yi gumi ya tuɓe riga ya jefar, sai a ɗau ihu, “Namijin duniya!” Ita ɗankwalinta ya zame sau ɗaya tana bin wata ƙwallo a kusurwa, ta mayar da shi kafin a ƙifta ido, amma sai da aka yi mako ana zancen a teburin mai shayi. Idan Godfrey ya narka ƙwallo ya doki tebur da tafin hannu, zuciya ce ta maza. Ita ta ce “Yawwa!” da ɗan ƙarfi, sai wani tela ya juya ya ce wa na kusa da shi yarinyar nan fitsararriya ce, ba a ba ta tarbiyya ba.

Ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe, ita da Godfrey, zagaye uku, wanda ya ci biyu shi ne gwani. Ba a kai ga na uku ba. Ta ci na farko ashirin da ɗaya da sha bakwai, na biyu ashirin da ɗaya da sha huɗu. Ba ƙarfi ta fi shi ba. Tsayawa take daf da tebur, ta tare ƙwallo tun ba ta gama tashi ba, ta mayar masa ta inda ƙafarsa ta baro. Duk tsawonsa sai ya zame masa kaya. Da ƙwallon ƙarshe ta wuce shi, Muinat ta ɗaga kai ta dubi allo.

Sai 'yan kwamiti suka zaga bayan rumfa. Minti biyar suka yi. Alhaji Goni ya dawo ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

“Jama'a, mun ji daɗin nishaɗin da 'yarmu ta ba mu, Allah ya yi mata albarka. Amma kowa ya sani, wasa da mace nishaɗi ne, ba a ƙirga shi a gasa. Namiji ba ya sakin hannu a kan mace. Saboda haka gwanin bana Godfrey ne.”

Aka miƙa wa Godfrey kofi. Ya karɓa yana kallon ƙasa. Ita aka miƙa mata jeren langa uku masu murfi, wai ta kai ɗakin miji. Washegari Nwabueze ya zo da fenti ya rubuta abin da aka ce ya rubuta. Ranar Litinin wata jarida ta buga labarin gasar: layi goma a kan hannun hagun Godfrey, da ƙarfin damtsensa, da yadda ya kare kambunsa. A can ƙasa layi ɗaya ya ce wata budurwa mai fara'a ta ba 'yan kallo dariya, har ɗankwalinta ya faɗi. Ko sunanta ba a sa ba.

Muinat ta yi kuka a bayan buhunan shinkafa, inda ba mai ganin ta. Kukan baƙin ciki ne, ba na rauni ba. Tana cikin share fuska sai wani abu ya faɗo mata a rai. An ce ba ta ci gasa ba, to, ta ji. Amma wa ya ci ta? Magariba ta Asabar a kan tebur ta same ta.

Da la'asar ta ɗauki bat ɗinta za ta fita, mahaifinta ya kira ta. Alhaji Tajudeen mutum ne mai gudun magana, kuma tun asuba 'yan'uwansa 'yan kasuwa ke tare shi a ƙofar masallaci, kowa da tasa shawarar a kan yadda ake riƙe 'ya mace.

“Ina za ki, Muina?”

“Zumunta, Baba. Tebur yana hannuna.”

“Kin san abin da ake faɗa a kanki? Kin san abin da ake faɗa a kaina?”

“Na sani, Baba.”

Ya daɗe yana juya carbi. Shi ɗan kasuwa ne, ya san ma'anar a shirya magana a gaban shaidu sannan a zaga baya a sauya ta.

“An ci ki?”

“A'a, Baba.”

“To me zai sauke ki? Je ki. Amma magariba ta same ki a gida.”

Ta isa rumfa, ta cire silifas, ta tsaya a gefenta na tebur. Maza goma sha wani abu suna zaune a benci da bat a hannu. Alhaji Goni ya tambaye ta lafiya.

“Lafiya lau, Alhaji. Dokarka nake bi. Ban sauka ba, don ba a ci ni ba. In kuma an ci ni, a nuna mini wanda ya ci ni in ba shi wuri.”

Alhaji Goni ya sauke soja da dokar nan. Idan ya karya ta yau, kwana taransa ma sun tashi a banza. Sai ya ce wa mazan kada wanda ya buga da ita, za ta gaji ta tafi. Ranar nan tebur ya wuni ba a taɓa shi ba, tana tsaye, suna zaune, kowa ya zama mai sha'awar kallon jirgin kaya yana wucewa. Washegari ma haka. Ta zo da langa ɗaya daga cikin kyautarta, ta karɓi ruwan zafi wurin mai shayi, ta tsoma ƙwallayen kulob da suka lotsa har suka kumbura suka dawo daidai, ta jera musu a bakin tebur. Ta ce ai kyauta ba a barin ta ba amfani.

A rana ta uku hannun wani bakanike ya yi ƙaiƙayi. Ya miƙe ya ce bari ya koya mata hankali a gama. Ta ci shi ashirin da ɗaya da shida. Ya ce rana ce ta haske masa ido, alhali rumfar kwano ce a kansa. Na bayansa ya ce bat ɗin aro ne. Na bayan wannan ya ce shi tausayi ya hana shi saki. Haka aka yi ta yi, kowa ya zo ya sha kashi ya koma benci da dalilinsa a aljihu. Godfrey kuwa tun ranar gasa ba a sake ganin ƙeyarsa a rumfar ba.

Labari ya bazu. Matan Sabon Gari masu tuyar doya da masu sayar da atamfa suka fara rufe kaya da wuri, su zo su tsaya daga nesa. Ba sa ihu, sai dai idan ta ci a ji wata ta yi guɗa ƙasa-ƙasa ta toshe baki. Masu magana kuma suka ƙara kaimi. Aka ce laya ce a cikin ɗankwalin, an kawo mata daga kudu. Aka ce babu namijin da zai auri macen da ta saba cin maza a bainar jama'a. Godfrey ya yi shekara uku yana lashe gasa, babu wanda ya taɓa laluben hularsa ko ya damu da wadda za ta aure shi. Maganganun nan suna yi mata ciwo, kada wani ya ce ba sa yi. Wata rana ta dawo gida ta kasa cin abinci, mahaifiyarta Iya Adijat ta zauna tana matsa mata kafaɗa da man zafi, tana faɗa da Yarabanci a kan taurin kai, amma ba ta ce mata ta daina ba.

Ta cika kwana tara. Ta shiga na goma. Ranar nan Alhaji Goni ya aiko cewa yana da uzuri a gareji.

A rana ta goma sha uku Godfrey ya zo, da kakin aikinsa, ko gida bai biya ba. Sallah ta matso, tun safe Muinat ta sauke motoci biyu a Singa, hannunta na dama ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ta ga shigowarsa, ta san yau akwai aiki. Kafin a gama gyara raga an aika wa Alhaji Goni, ya iso a gaggauce, uzurin gareji ya ƙare nan take.

Wasan yau da kullum zagaye ɗaya ne. Godfrey bai tuɓe riga ba, bai doki tebur ba. Ashe kwanakin da ya ɓace tunani yake yi. Ya daina narka mata ƙwallo, ya koma turo ta a hankali can ƙarshen tebur, yana tilasta mata ja da baya, inda gajartarta ke cutar ta. Suka yi goma da goma. Suka yi sha takwas da sha takwas. Suka yi ashirin da ashirin, rumfa ta yi tsit har ana jin numfashinsu. Ta ci ɗaya, ya rama. Ya ci ɗaya. Sai ya turo wata doguwa ta gefen dama, ta miƙa hannu, hannun ya makara da kaɗan. Ƙwallo ta daki bakin bat ta yi sama ta faɗa cikin 'yan kallo.

Rumfa ta kece da ihu. Waɗanda ta lallasa kwana goma suka hau benci suna rawa kamar su suka ci. Alhaji Goni ya ɗaga hannu biyu, muryarsa ta danne ta kowa.

“Kun gani ko! Gaskiya ta fito! Yanzu an tabbatar da wane ne gwani! A je a gaya wa ɗan jarida!”

Muinat ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta sha kashi, kuma da gaske ta sha shi, ba ta da rana ko bat ɗin aro da za ta ɗora wa laifi. Ta zaga ta ce wa Godfrey, “Sannu, ka buga.” Ta sa silifas ɗinta. Sannan ta jira ihu ya lafa.

“Alhaji, ina da tambaya.”

“Yi tambayarki, 'yata.” Yau fara'a har kunne.

“Wannan wasan da aka yi yanzu, an ƙirga shi?”

“An ƙirga mana! A gaban jama'a aka yi!”

“Da mace aka yi shi fa, Alhaji.”

Masu rawa suka sauko daga benci ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Goni ya dubi 'yan kwamiti, 'yan kwamiti suka dubi rufin kwano. Daga can baya wata mai tuyar doya ta saki guɗa, wannan karon ba ta toshe baki ba.

Godfrey ya ajiye bat. Ya jawo benci zuwa jikin bango, ya hau, ya zaro 'yar wuƙar fiƙe fensir daga aljihun kaki, ya fara kankare sunansa daga layin 1976. Farin fenti yana zuba a kan takalminsa. Ya bar shekarar, ya bar layuka ukunsa na baya. Da ya gama ya sauko.

“Alhaji, na yau nawa ne, na kuma sha wuya kafin in same shi. Na ranar gasa nata ne. Ban sassauta mata ba ko ɗaya, na buga iya ƙarfina ta ci ni. Mako biyu kofin nan yana ɗakina, na kasa kallon sa. Gobe zan kawo.”

Ya kawo, ya kuma kai shi har shagon Singa da hannunsa. Amma allo na kulob ne, kuma Alhaji Goni ya rantse muddin yana shugaba ba za a rubuta sunan mace a kai ba. Bai kuma iya sa a mayar da na Godfrey ba, don mai sunan ya ce zai sake kankarewa. Sau biyu Nwabueze yana zuwa da gwangwanin fenti a kan kekensa, yana cewa shi kyauta zai rubuta, sau biyu ana mayar da shi. A shekarar da ta biyo baya aka ƙara layi a takardar sharuɗɗa, maza zalla. Aka rubuta gwanin 1977 a ƙarƙashin gurbin, aka ci gaba.

Muinat ba ta sake neman shiga gasarsu ba. Masu cewa ba za ta auru ba sun ci shinkafar bikinta bayan shekara biyu, wasu har da neman ƙari. Ta auri wani malamin makaranta, Moshood, ta haifi ɗa aka sa masa Azeez, ta karɓi ragamar shago da ƙafar mahaifinta ta fara ciwo. Ranar Asabar takan buga da duk wanda ya zo, mace ko namiji, a wani tebur da mijinta ya sa kafinta ya haɗa mata a tsakar gida. A rumfar Zumunta kuwa, duk baƙon da ya karanta allo sai ya tsaya a 1976 ya tambaya me ya sa babu suna. Dole wani ya ba shi amsa, har waɗanda suka yi rawa a benci.

Dab da Kirsimetin 1979 Godfrey ya zo Singa sayen kayan shayi zai kai gida Kafanchan. Ta sa aka ba shi kujera, suka gaisa, ya yi wa yaron da ke bayanta wasa. Yana so ya faɗi abin da zai faranta mata.

“Maman Azeez, kin san gurbin nan ya fi duk sunayenmu suna? Mu ba mai tambayar mu. Ke kullum sai an ambace ki.”

Ta gama ɗaure masa kwalin, ta ja igiyar da haƙori ta tsinke. Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa.

“Na sani, Godfrey, kuma ban manta abin da ka yi ba. Amma naku ba sai an tambaya ba. Ni so na yi in wuce ta wurin, in ɗaga kai in gani da idona, ko sau ɗaya.”